Tulun Ruwan Tsamin Goggo Lou

Suna uku garin ya ci a gaban idon Lou Guixiang. Da aka kawo ta amarya, Gadar Jaki ake kiransa. Zamanin gonakin gandu na gwamnati ya koma Jar Tuta. Bara kuma, da aka haɗe shi da garin maƙwabta, aka laƙaba masa Tsohon Birnin Ƙamshi, wai don masu yawon buɗe ido. Ita dai har gobe Gadar Jaki take ce wa direban bas.

Awara ce sana'arta. A bayan ƙofarta akwai tulun ruwan tsami da ta gada daga surukarta. Kullum sai ta ɗiba ta haɗa madarar waken suya, ta mayar da ruwan da ya tsatso daga sabuwar awara cikin tulun. Ko a shekarun yunwa tulun bai bushe ba. Duk daɗin awararta daga cikinsa yake.

Ran nan sai ga Pang, mataimakin shugaban gari, da ma'aikatan tsafta biyu, sun ɗaure hanci da ƙyalle.

"Goggo Lou, kin ci abinci?"

"Na ci. Wa ya mutu kuka rufe hanci?"

"Gobe manya za su zo daga gunduma duba tsafta. To, wannan tulun, Goggo, tun daga bakin gada ake jin warinsa."

"Wace gadar? Wadda kuka rushe, ko ta sumintin da kuka shafa wa baƙin fenti don ta tsufa?"

Pang ya yi murmushin yaƙe, ya miƙo mata leda. "Ga farar hoda, da ita kamfani ke haɗa tasa, ba wari. Ga kuma rigar mutanen zamanin da, ki saka ki tsaya gindin dutsen niƙa a ɗauke ki hoto."

"Kai ɗan Pang! Tun kana yawo da wando mai tsaga a gindi kake lashe min kwano. A lokacin hancinka a toshe yake? Wanda ya taɓa tulun nan, sai dai ya fara taɓa ni."

Washegari da safe ta tafi kasuwa sayen wake. Da ta dawo, ƙamshin sabulu ne ya tare ta tun daga lungu. Ga tulu nan an fito da shi ƙofar gida, an wanke shi tas, an dasa masa furen roba. A saman ƙofa an kafa allo mai rubutun ruwan zinariya: Awarar Gado, Ruwan Tsami Mai Shekara Ɗari.

Ta tura hannu ciki har kafaɗa, ta shinshina. Sabulu zalla. Ta tofar da yawu.

Tana nan tsaye manyan suka iso, Pang na gaba yana ta bayani. Babbansu ya karanta allon, ya gyaɗa kai.

"Tsohuwa, a nuna mana wannan ruwa mai tarihi mana."

Ta nuna masa kwata da haɓa.

"Ga hanyarsa nan, ranka ya daɗe. In kun yi sauri za ku cim masa a ƙarƙashin sabuwar tsohuwar gada."

Ta shige gida ta ja ƙofa. Buhun waken da ta sayo kuwa, kajinta ne suka ci.