Gashin da ya biyo gora

Jama'a, ni ba na son dogon zance, mai yarda ya yarda. Wallahi da ni abin nan ya faru, shekarun baya da damina, bayan na bar lakol, makaranta ke nan, wani porje, wato shiri na kiwon kifi, ya ɗauke ni gwaji a wajen Waca. Aikin shi ne in shiga kwale-kwale, in kai tsakiyar tafki, in danna na'urar GPS ta riƙe wurin. Shef, shugaban aikin, ya ce in na dawo hannu banza wata zai ba kwantirar aikin, ga shi ni ke ciyar da ƙannena.

Da hantsi muka shiga da matuƙin, Baba Idi, ba mu yi nisa ba na'urar ta haukace, kibiyarta sai juyi take, wai muna kan tudu. Na buga wa shef, yana can garin Magarya cikin inuwa, ya ce sabon ƙarfen rezo na wayar salula ne ke dagula ta, in bi kibiyar har ta tsaya.

Baba Idi ya ce, "'Yata, mu ba ma bi ta gabas da kukar can."

Na ce saboda me, ya ce oho, haka suka tarar.

Na ce, "Baba, tuƙa kawai, ba hira na zo ba."

Can ɗin kuwa kibiyar ta tsaya cak. Sai wari, kai! kamar man shanu ya kwana cikin mushe. Gorar tuƙi ta maƙale, da ya fizgo ta sai ga gashi naɗe da ita, gashin mace, da kitso sabo fil, ya yi ƙasa ba iyaka. Jirgi ya soma juyawa, tsoho ya kasa komai sai salati, dole ni na sa hannu ina kwancewa. Da ɗumi fa, kamar kan mai rai, ga ƙwarƙwata na hawa yatsuna, a cikin ruwa! Tir. Nan na yi amai, ban danna komai ba, muka juyo.

Shef ya ce ciyawa ce, ya ba wata aikin. Ciyawa da ƙwarƙwata?

Har yau ban san kan wa na taɓa ba, ko tsifa aka ce in taya sai in ƙi. Ku dai, in na'ura ta rikice kuna kan ruwa, ku kashe ta ku koma gaɓa, wanda ya aike ku ba ya cikin jirgin.