Hannun da Ban Ɗaga Ba a Maƙabartar Hauwa'u

Shekarun baya, zamanin da muke aika saƙo gida a kaset, mahaifiyata ta zo aikin Hajji. A lokacin na yi shekara goma sha ɗaya a Jidda, ina aikin lodi a wani sito a unguwar Khumra, ina zaune a unguwar Ammariyya. Wanda ya san ni ya san halina. Idan na kulle ƙofa, sai na kai bakin titi in dawo in sake jan kwaɗon. Iƙamata, wato takardar izinin zama, tana aljihun gaba, amma kafin in isa wurin aiki na shafa aljihun nan ya fi sau goma. Karatuna bai wuce firamare ba, sai dai tun ina ƙarami nake tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba.

Ni ne ɗanta na fari, kuma sunan mahaifinta aka sa mini, don haka kunyar ta zama biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido. In tana da magana da ni, sai ta nemi wani ta gaya masa, ko da ina tsaye a wurin. Hatta a kaset, da ƙanena take magana: "Ka ce wa na Jidda muna nan lafiya."

Shi mahaifin nata ya fita zuwa Makka a ƙafa ta hanyar Sudan tana goye a baya. Bayan shekaru wani mutumin garinmu ya dawo da labarinsa. Ya ce ya sauke farali, ya tsaya a Jidda yana ɗebo wa gidaje ruwa don ya haɗa guzurin komawa, ciwo ya kama shi, aka binne shi a maƙabartar da ake kira ta Nana Hauwa'u. Iyakar abin da ta sani game da ubanta ke nan. Da na zo Jidda, saƙonta na farko shi ne in nemo kabarin.

Na nema. A shekarar farko na je na tambayi mai gadin maƙabartar, ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar Kano. Ya ce a nan ba a rubuta suna a kan kabari, kuma in shekaru sun ja ana sake binne wani a wurin. Na koma ɗaki na kunna rikoda zan gaya mata, bakina ya ƙi. Sai na ce, "A gaya wa Inna ina nan ina bincike." Na lallashi kaina cewa ba ƙarya ba ce, tunda duk lokacin da na wuce ta wurin nakan leƙa. Shekara goma sha ɗaya ina maimaita wannan magana, ga shi yanzu ta gama Hajji, an kawo su Jidda jiran jirgi, kwana biyu kacal ya rage mata.

Ina da wani abokina haifaffen Jidda, kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo. Hausarsa rabi Larabci ce. Sana'arsa bayan Hajji ita ce ya tara alhazan da ke jiran jirgi, ya zuba su a bas, ya zaga da su Balad, tsohon garin, yana ba su tarihi. Bakinsa ba ya mutuwa. Na same shi a wurin mai shayi bayan la'asar na zayyana masa damuwata.

"Mafi mushkila," in ji shi, wato babu matsala. "Ka kawo hajja cikin tawagata gobe. In mun je maƙabarta ka shiga, ka zaɓi kabari ɗaya, halas, shi ke nan."

"Kabarin wa?"

"Na Musulmi mana. Addu'a tana ɓatan hanya ne? Allah ya san gidan kowa."

"To in ta tambaye ni ko na tabbata?"

"Ya shekh, ita da ba ta ma yi maka magana?"

Na yi dariya, amma shayin nan ban shanye shi ba.

Washegari na roƙi kafilina, wato uban gidana a wurin aiki, hutun yini ɗaya. Muka fara daga Bab Makka, mu wajen ashirin, maza a gaba, mata a baya, ni a tsakiya ina ƙirga kawuna kada wani ya ɓata, ko da yake babu wanda ya sa ni. Abokina yana gaba da 'yar sanda yana nuna dogayen gidajen da aka gina da dutsen teku, da tagogin katakon nan da suka turo waje, inda ya ce matan da suke zama su ga mai wucewa shi bai gan su ba. Ya nuna wani gida ya ce shekararsa ɗari biyar. Ni kuwa na taɓa jin ya gaya wa wata tawagar ɗari uku. Na sunkuyar da kai.

Wani alhaji mai jan gemu ya matso kusa da ni. "Malam, kai ma ai ɗan gari ne. Da gaske ɗari biyar?"

Na ce ban sani ba.

"Wancan masallacin fa, wa ya gina shi?"

Na ce shi ma ban sani ba.

Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Wannan tare muka sauka daga jirgi, bai dai sani ba ne."

Da muka iso wani babban gida mai bishiya a gabansa, abokina ya gyara murya ya ce akwai zamanin da ita kaɗai ce bishiya a duk faɗin Jidda, har masu aiko wasiƙa sukan rubuta "gida mai bishiya" kawai ta iso. Alhazai suka yi ta kabbara. Mahaifiyata ta ɗaga kai ta dubi ganyen, ta ce wa matar da ke gefenta, "Darbejiya ce fa. Akwai biyu a bayan ɗakina." Wannan ne kawai abin da na ji ta faɗa tun safe. Gidajen ba su dame ta ba. Tafiya kawai take yi, tana jiran wurin da ta zo dominsa.

Rana ta take muka isa maƙabartar. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya ɗaga hannu ga mata ya ce, "Mamnu'," wato an hana su shiga. Suka tsaya a inuwar katanga. Mahaifiyata ta matsa bakin ƙofa ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ta ce wa abokina:

"Ɗan nan, ka gaya wa abokinka ya shiga ya tsaya a kan kabarin, ya ɗaga hannu in gan shi daga nan. In san inda zan fuskanta."

"Ala rasi, ya hajja," in ji shi, wato an gama, ya tura ni da gwiwar hannu.

Na shiga. Fili ne fetal, layi bayan layi, kowane kabari da ɗan dutse a kai da ɗan dutse a ƙafa, babu wanda ya fi wani. Na yi ta tafiya har na yi nisa. Ba zan ɓoye ba, na zaɓi ɗaya. Na tsaya a kansa na juyo. Daga can ina hango ta ƙarama a bakin ƙofa, farin mayafinta yana motsi. Abokina da ya biyo ni yana bayana yana raɗa, "Yalla, ɗaga."

Hannuna ya taso har ƙirji, ya tsaya a kan aljihun iƙama. Tunani ya yi mini rubdugu. Za ta koma gida ta gaya wa 'yan'uwanta an ga kabarin. Duk wanda ya zo daga garinmu za a turo shi wurina in nuna masa, ni kuwa ko gobe aka dawo da ni ba zan gane wannan da na zaɓa ba. Sannan ga mai kabarin, bawan Allah yana kwance, na zo zan ba shi 'ya da jikokin da bai haifa ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga tsohuwa da ta haura sittin ba ta taɓa ganin ubanta ba, abin da take nema a wurina bai wuce ɗaga hannu ba.

Na sauke hannun na dawo. Tafiyar nan daga tsakiyar maƙabarta zuwa ƙofa ta fi mini daga Khumra zuwa Ammariyya nisa. Na durƙusa a gabanta, na yi abin da ban saba ba, na yi mata magana kai tsaye a gaban mutane.

"Inna, ban san inda yake ba. Babu wanda ya sani. Tun shekarar da na zo aka gaya mini, na kasa faɗa miki."

Ba ta dube ni ba. Katanga ta tsura wa ido. Wata hajiya a gefe ta ce, "Haba ɗan nan, ko nuni ai da ka yi mata." Ina durƙushe, zafin ƙasa yana cin gwiwata, har na fara fatan ta zage ni.

Can ta saki ƙarfen ƙofar ta juya ga abokina. "Kai da ka san shekarun kowane gida, masu ɗebo ruwan nan a ina suke ɗiba?"

Abokina ya sauke 'yar sandarsa. Ya ce shi ma kakansa wannan aikin ya yi. Ya sa sauran alhazan a bas ya ce wa direba ya kai su bakin teku, mu uku muka koma cikin Balad a ƙafa, ta wasu lunguna da ba ya bi da tawaga. Ya kai mu wani tsohon wurin ɗibar ruwa da suke kira bazan, a rufe, kyanwoyi suna barci a inuwarsa.

"Ya hajja," ya ce, da wata murya da ba ta wurin aiki ba, "wallahi ban san ko a wannan ya ɗiba ba. Amma kakana ya ce mutanenmu nan suke taruwa tun asuba. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, har hawa na huɗu."

Kusa da wurin akwai wani gida da masu shi suka tashi, ƙofarsa a buɗe. Matakalar tana nan, ƙunci gare ta, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawu. Mahaifiyata ta zauna a takin farko, ta ɗora tafin hannunta a inda ya lotsa, ta ɗaga kai ta bi matakalar da kallo har inda duhu ya cinye ta.

"Da ruwa a kafaɗa," ta ce, ba da kowa take ba.

Ta yi addu'a mai tsawo. Ni ina bakin ƙofa ina tsoron kada ginin ya rufto mana, ko wani ya zo ya tambaye mu abin da muke yi a gidan mutane. Da ta gama, ta kwance bakin zanenta ta ce abokina ya sayo mata ruwan sanyi a shagon da ke kusurwa. Ta tsaya a bakin lungu tana miƙa wa masu tura amalanke da 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi ƙasar kowa ba, har ya ƙare.

Ranar tafiya muka raka ta inda bas zai kwashe su zuwa filin jirgi. Na kwana ina jiran hukunci. Ta sa ƙafa ɗaya a bas, ta tsaya, ta ce wa abokina, "Ka gaya wa abokinka, in zai aiko kaset ya daina cewa yana bincike. Ya riƙa gaya mana ko yana cin abinci." Ta shige.

Har yau ni da abokina ba mu daidaita a kan wannan rana ba. Shi yana cewa na hana tsohuwa abin da ba zai cuci kowa ba. Ni ina cewa da na ɗaga hannun nan da ba ta zauna a matakalar ba. Wani lokaci ina ganin ni ke da gaskiya, wani lokaci in ina wucewa ta bakin katangar sai in ji kamar shi ne. Abin da na lura da shi dai, bazan ɗin nan ya shiga cikin wuraren da yake kai alhazai, kuma a nan ne kaɗai ba ya faɗin shekaru.

Mahaifiyata ta rasu bayan shekara shida, ina nan Jidda, ban samu jana'izarta ba. Da na je gida, ƙanena ya kai ni maƙabartar garinmu, muka ratsa ciyawa, ya tsaya ya miƙa hannu ya ce, "Ga ta nan." Babu suna, sai fasasshiyar tukunya a kai, irin wadda ke kan na kusa da shi. Halina bai bar ni ba, na ce, "Ka tabbata?"

"Na tabbata, Yaya."

"Ba wancan ba?"

Ya dube ni ya ce, "Da hannuna na sa ta."

Na durƙusa. Sai a lokacin na san nauyin abin da ta roƙa a bakin ƙofar ƙarfen nan, da abin da na hana ta. Na yi mata addu'a, na yi wa kakana mai sunana. Kafin in tashi na gaya mata ina cin abinci.