Da'u da Layin Ƙarshen Wata

Tun da aka rufe injin matsar gyaɗar da yake wa aiki, Da'u mutumin Gafasa ba shi da wata fita sai ta ƙarshen wata. Yakan hau kekensa zuwa Ajingi, ya dangwala yatsa don tallafin marasa aikin yi, ya taɓa hira a layi, sannan ya koma gidan da ba kowa sai awaki biyu tun rasuwar matarsa.

Da aka gama kaka, ya tafi Kano cin rani kamar yadda mahaifinsa ya saba. Wata uku yana dako, ya dawo hannu rabbana.

Da ya koma Ajingi, ma'aikaciyar tallafin ta duba takarda ta ce, "Baba, kun yi fashin wata uku. A ƙa'idarmu, kun sami aiki ke nan. An cire sunanku, sai an buɗe sabuwar rajista."

Da'u bai yi musu ba. Har yau yakan zo duk ƙarshen wata ya shiga layin. In an kusa zuwa kansa, sai ya ba na bayansa wuri, ya koma can ƙarshe.