Jan Biron Malam Shitu

Wata rana wani malamin kwalejin horar da malamai, bari mu kira shi Malam Shitu, ya shiga neman jan bironsa na duba jarrabawa. Kwana uku ke nan bai gan shi ba.

Ya zazzage jaka, ya duba mota, babu. Da ya leƙa ɗakin matarsa Saude, sai ya hango murfin biron ya leƙo daga ƙarƙashin katifa.

Ya ɗaga katifar.

Ga biro. Ga kuma wata takarda an ninke ta gida huɗu.

Ya buɗe. Sunansa ne, Shitu, sau bakwai a jere. A ƙasa kuma sunan mahaifiyarsa, Kuluwa, shi ma sau bakwai. Duk da jan tawada, rubutun a karkace kamar kaza ta bi ta kai.

Innalillahi!

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san inda ake neman sunan mutum haɗe da na uwarsa. Wurin boka ne. Kuma ya san boka kan ce a kawo wani abu da mutumin ke riƙewa kullum.

To me Malam Shitu ke riƙewa kullum in ba jan biron nan ba?

Ga wani abin kuma. Saude ba ta taɓa zama a aji ba. Daga ƙauye ya auro ta, shekara goma sha tara ke nan, 'ya'yansu huɗu. Bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce Malam. Sunan Inna kuwa, ko shi da ta haifa ba ya kama shi.

To wa ya rubuta mata?

Ya mayar da takardar yadda take, ya fita.

Daga ranar ya sa mata ido. Shi kuwa zargi, in ka ba shi tabarma, sai ya miƙe ƙafa.

Ya lura duk Litinin da Laraba bayan la'asar takan yafa mayafi ta ce za ta gidan Asabe. Wace Asabe? Oho.

Ya lura in tana tankaɗe, leɓenta na motsi ita kaɗai, tana zana wani abu da yatsa a cikin garin, in ta ji tafiyarsa ta shafe.

Ya daina cin tuwonta, wai cikinsa ne ba daɗi. Mutum mai digiri biyu ya koma cin burodi a teburin mai shayi, yana waige-waige kada ɗalibansa su gan shi. In ta kawo masa ruwa sai ya shinshina. Har bakin ƙofa ya tona da tsinke ko an binne wani abu.

Hawan jinin da Inna ke fama da shi shekara shida ma, yanzu ya samo masa dalili.

Za ku ce me ya hana ya tambaye ta?

Girman kai, wallahi, ba wani abu ba. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu yana karanto musu cewa ilimi iri-iri ne, akwai na aji, akwai na gida da sana'a, akwai na manya da ake kira yaƙi da jahilci, shi ne ya kasa buɗe baki ya yi wa matarsa tambaya ɗaya.

Maimakon haka sai ya zauna a ofis ya rubuta wa mahaifinta wasiƙa.

“Baffa, ga Saude nan. Asiri take yi mini, ni da mahaifiyata. Ta zauna a wurinku sai na neme ta. Shitu.”

Ya ninke ya sa a aljihun riga. Shirinsa, ranar Alhamis ya miƙa mata ya ce ta kai wa Baffa saƙo. Ita za ta ɗauki korarta da hannunta har gida, tunda ba ta san abin da ke ciki ba.

Amma ya ce bari dai ya ga bokan da idonsa tukuna.

Ranar Laraba tana fita ya bi ta daga nesa. Ta sha kwana, ya sha kwana. Ta ratsa bayan injin niƙa, ta shiga wani gida mai koren ƙyaure. A zaure takalman mata sun fi ashirin.

Ya ce a ransa, lallai bokan nan yana ciniki.

Ya zagaya ta lungu, ya raɓe a jikin wata taga, ya leƙa.

Abin da ya fara gani baƙin allo ne.

Mata ne zaune a tabarmi, wasu da goyo, wata ma da furfura, kowace da littafi a cinya. A gabansu wata dattijuwa da alli a hannu. Ita ce Asabe, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta buɗe wa matan unguwa aji a ɗakinta.

Malama Asabe ta ce, “Saude, tashi ki faɗa wa sababbin zuwa abin da ya kawo ki.”

Saude ta miƙe tana murza bakin mayafi.

“Ni dai duk wata ni ke kai surukata asibiti. Akwai fom da ake cikewa, layi biyu ne kacal, sunan mara lafiya da sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Kullum sai na roƙi wani ya cike mini. Rannan Inna na kan benci jiri na ɗibarta, ni ina bin mutane da takarda, kowa na ta kansa. Da na dawo na tarar ta zame ƙasa. Shi ne na ce sunayen nan biyu, ko me za a yi sai na iya su.”

Wata daga baya ta ce, “Ikon Allah! Ba ke ce mijinki malami ba?”

“Malamin manya ne. Na taɓa cewa ya koya mini, ya yi dariya ya ce girki ma ilimi ne, in riƙe nawa.”

Matan suka kwashe da dariya. Saude ma ta yi.

Na bakin taga bai yi ba. Ya tuna ranar sarai, har ma da jin daɗin da ya yi cewa ya faɗi magana mai hikima.

Ya koma gida, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka kawo tuwo ya cinye malmala biyu har da neman ƙari. Ya tuɓe riga ya rataye a ƙofa, yana ta hamdala Allah Ya rufa asiri, ba wanda ya sani.

Ya manta Alhamis ce ranar wanki.

Shekara goma sha tara Saude na zazzage aljihunsa kafin ta jiƙa kaya. Duk takardar da ta samu, takan ajiye masa a kan tebur ba tare da ta buɗe ba, don ko ta buɗe ba abin da za ta gani.

Da safe yana shan koko ta shigo, hannunta da danshin ruwa, takardar a buɗe.

“Malam, wannan ta Baffa ce?”

“Ajiye kawai, ba komai ba ce.”

Ba ta ajiye ba. Ta ɗora yatsa a kan layin farko.

“Baf-fa... ga... Sau-de... nan. A-si-ri...”

Haka ta bi ta, kalma bayan kalma, har ƙasa. Da ta zo kan sunansa ta yi shiru ta tsallake, kamar yadda ta saba.

“Saude, tsaya in yi miki bayani.”

“Ai ka yi, Malam. Rubutunka mai kyau ne, ban sha wuya ba. Ita ce wasiƙa ta farko da na karanta da kaina.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa takardar a kan tebur, inda ta saba ajiyewa, ta je ta shirya Inna, don ranar ce ranar ganin likita.

Karon farko a shekara shida, Malam Shitu ya ɗauki makullin mota ya ce shi zai kai su.

A asibiti aka miƙo fom. Ya kai hannu zai karɓa, Saude ta riga shi. Ta ciro biro daga jakarta, shuɗi, nata na kanta. Ta duƙa a kan benci tana rubutu a hankali, shi yana tsaye a kanta yana leƙe.

Layi na farko, sunan mara lafiya: Kuluwa.

Layi na biyu, wanda za a kira in wani abu ya faru. Ta ɗan tsaya, biron na sama.

Ya san ta iya sunansa. Sau bakwai ya gan shi da idonsa.

Ta rubuta: Saude.

Darasi: Ilimi ba a aji kaɗai yake ba, kuma ba shi da ranar rufe ƙofa. Amfaninsa shi ne ya sauƙaƙa wa mutane zama da juna. In naka bai kai kan na cikin gidanka ba, bai kuma koya maka tambaya kafin zargi ba, to takarda kawai ka tara.

Ku tura wa duk mai digirin da kuka sani. Wadda kuma ba ta iya karatu ba a gidanku, kada ku tsaya a karanta mata wannan, ku zauna ku koya mata ta karanta da kanta.