Saƙo na Goma Sha Takwas

Maigidana, Malam Sha'aban Jumare, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Shekararmu biyar a Longsight, shi yana fama da digirinsa na uku, ni ina fama da yara biyu da ruwan saman Manchester. Duk masallacin unguwa an san shi da amana. Ko allura ka ba shi, sai ya danƙa ta a hannun mai ita. Mutane sai yabonsa suke, ni kuwa ni kaɗai na san abin da nake haɗiyewa.

Bara 'yarmu Na'ima, mai shekara shida, ta ishe mu da zancen teku. Mun taɓa kai ta Blackpool, iska ta koro mu ko takalmi ba ta cire ba. Ita teku mai ɗumi take so. Uban ya yi mata alkawari da bakinsa, muka zaɓi Ghana saboda fasfonmu na Najeriya ba ya neman biza. Kwana bakwai, otal a bakin ruwa.

Abu ɗaya na roƙe shi: kada ya faɗa wa kowa. Ina! A ganinsa tafiya ba sallama rashin tarbiyya ce. Ana idar da sallar Juma'a ya nemi a sa mu a addu'a, har da ranar tashi. Kafin ka ce kwabo Hausawan Ghana na Moss Side sun fara buga mana ƙofa, kowa da ƙunshinsa, wai ɗan saƙo ne ba nauyi. Labari ya kai har Birmingham, wata tsohuwa a Balsall Heath, Hajiya Nana A'isha, ita ma ta aiko nata. Saƙo goma sha bakwai cif, kowanne an naɗe shi da salatif an manna suna da unguwa. Bokitin wasan yara da cebur ɗinsu aka cire daga akwati don a samu wuri.

Muna sauka Accra muka tarar da Alhaji Sa'id, wan wani maƙwabcinmu, yana jiranmu. Ya rantse baƙonsa ba zai kwana a otal ba yana da rai. Malam ya sunkuyar da kai yana godiya, ni ina ta zungurarsa, ko gezau. Sai ga mu a Nima, cikin gari tsundum.

Daga nan aka shiga rabon saƙo. Yau Madina, gobe Ashaiman, jibi Sabon Zango. Kuma ai ba a miƙa saƙo daga ƙofa. Sai an zauna an gaisa, an ci tuwo, an tambayi lafiyar kowa a Ingila ɗaya bayan ɗaya. Wani gidan suna muka tarar, wani kuma zaman makoki. Zayd, ƙanin Na'ima, ya yi kuka cikin cunkoson motoci har muryarsa ta dishe. Ita kuwa kullum da safe sai ta sa kayan wankanta a ƙarƙashin riga, da yamma ta cire su a bushe. Wallahi haushi kamar ya kashe ni. Da na yi magana sai Malam ya ce gobe in sha Allahu, amana ce.

Ranar ƙarshe saƙon Hajiya ne kaɗai ya rage, na Kasoa, can bayan gari, ga jirginmu da yamma. Ko Kasoa ko teku, ba za a yi duka biyun ba. Malam ya sa hula zai fita, sai ya ga Na'ima zaune a bakin ƙofa kusa da ƙunshin. Ta samo salatif ta manna takarda a ƙirjinta. Ashe abin da ya sa ta tambaye ni yadda ake rubuta teku ke nan. Ta rubuta: Na'ima. A kai teku.

Ya tambaye ta mene ne wannan. Ta amsa da Turancinta na 'yan Manchester, ba kuka ba shagwaɓa:

"Ai Baba, abin da aka manna wa suna kaɗai kake kaiwa."

Ya sake duban takardar. Can ya cire hular, ya ce in ɗauko tawul.

Awa uku muka yi a bakin tekun Labadi. Ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa yana riƙe da hannunta, tana ta ƙyalƙyala dariya. Saƙon Hajiya ya dawo Manchester tare da mu, karo na farko a rayuwarsa da bai kai amana ba, sai da ya hau mota takanas zuwa Birmingham ya ba ta haƙuri. Kada ku ce ya daddara: saƙo ashirin da ɗaya muka ɗauko daga Accra.

Jiya ina wanke jakar makarantar Na'ima na tarar da salatif a aljihun ciki. Na ce na mene ne? Ta ce ta ajiye ne saboda ranar da makaranta za ta kira iyaye, don Baba ya je.