Ghissa Mai Binne Tukwane

Akwai laifin da na tsana fiye da sata, shi ne ɓarnar ruwa a garin da ba shi da kogi. Ɓarawo mutum guda yake cuta. Mai ɓarnar ruwa a Arlit kuwa unguwa guda yake kashewa, yana yi yana fara'a. Zan faɗi yadda wani irinsu ya ƙare, amma ba dominsa na ɗauki alƙalami ba. Domin Ghissa ne, maƙwabcina a garake, wanda bana gwiwa ta hana shi durƙuso, ya miƙa aikin ga 'yarsa Dassin. Ina so a gode masa yana da rai, yana ji da kunnensa.

Kafin motocin kamfanin haƙar ma'adini su fara kwasar ma'aikata, Ghissa ya yi asuba ya shiga garka. Ba ya fara taɓa ruwa. Yatsa yake cusawa cikin ƙasa, fangali bayan fangali. In ya ji danshi ya wuce, ko da ganye ya yi masa fuskar tausayi. Sannan ya bi tukwanensa. Tukwanen ƙasa ne ya binne har wuya, ya rufe bakin kowace da dutse. In ya cika su, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta jikin tukunya zuwa saiwa, rana ba ta samun rabonta. A kewayen kowace akwai tumatir da barkono da kuɓewa. Dabino na ba su inuwa, zogale na tare musu iska, ƙasa kuma a lulluɓe da kashin awaki da yagaggun kwalaye. Da sanyi ya sa alkama, da zafi kankana, ga ciyawar awaki a gefe. Ba ya yarda cikin gidansa ya rataya ga shuka guda.

Rijiya ɗaya muke sha, mu masu garake a wannan gefen gari, kowa da ranarsa. Wanda ya ja fiye da kima, daga bakin wani ya ja.

Sai ga Hashimu ya zo daga kudu, ɗan gidan masu albasa, inda ake tona ƙasa kamu biyu a tarar da ruwa. Ya sayi garka, ya kawo injin ban ruwa da tiyo mai kauri, ya shuka albasa daga wannan shinge zuwa wancan. Ranar rabonsa sai ya malale fangali da tsakar rana har ruwa ya kwanta, kamar yadda ya ga ana yi a fadamar garinsu. Ina nan tsaye ranar da ya leƙo ta shinge.

"Baba Ghissa, kasuwar tukwane ka buɗe a ƙarƙashin ƙasa? Ko aljanu kake dafa wa tuwo?"

Ghissa ya gyara rawaninsa, ya ce da Hausarsa ta mutanen Abzin, "Ɗana, rijiyan nan ya fara gajiya. Kuma ƙasan nan akwai gishiri cikinsa. In ka cika shi da ruwa, rana ya shanye ruwa, gishiri ya hau sama ya zauna."

"Da albasa kakana ya je Makka," in ji Hashimu. "Ba mai raƙumi ne zai koya mini ban ruwa ba."

Ghissa ya koma kan tukwanensa.

Da bazarar da ta biyo baya ta tsananta, guga ya fara dawowa da laka. Muka taru, muka yanke cewa kowa ya rage rabonsa, kuma a ajiye inji, da hannu za a ja. In rijiyar ta ƙafe, babu garka ko ɗaya da za ta ga damina, kuma yawancinmu ba mu da wata sana'a.

A nan ne muka san ko wane ne Ghissa. Ya bi mu garka garka yana nuna yadda ake binne tukunya. Da tukwane suka yi kaɗan, ya tattaro tsofaffin bido, wato jarkokin mai, ya wanke, ya huhhuda su da allura mai zafi, ya naɗe da buhu, suka yi aikin. Maryama, wadda mijinta direba ya rasu a hanyar Tchibarakaten ya bar ta da yara, ba ta da tukunya ba ta da bido. Ghissa ya tone nasa daga gindin tumatirinsa, ya kai garkarta ya binne da hannunsa. Ta ce masa, "Baba, naka fa?" Ya ce, "Ni ina da zogale, ina da dabino. Ke tumatir kaɗai gare ki." Tumatirinsa ya mutu a wannan shekara, na gani. Nata ya yi, kuma kafin ya bar ta sai da ya sa ta shuka yakuwa da zogale a bakin shinge.

Har wurin Hashimu ya je, da bido a kan jaki. Hashimu ya ce albasa ba ta shan ruwa da cokali, ya mai da shi. Ya saɓa abin da aka yanke, ya tada injinsa, injin ya zuƙi laka ya ƙone. Rijiyar ta yi kwanaki kafin ta tara abin da guga zai ɗauka. Da ba a cike tukwanen nan suke ba, da duk mun tashi.

Ghissa, kai ne ka riƙe mana rijiyar nan da tukunyar ƙasa. Kai ne aka yi wa ba'a, ka ɗora kaya a jaki ka je ƙofar mai ba'ar. Na Abzin, mai shayar da saiwa! Ba ka taɓa tara mu ka yi mana wa'azi ba, durƙusawa ka yi muka gani, har gwiwar ta ƙare a garakenmu. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa Dassin ta fi ka.

Ku kuma samari masu shigowa aikin garka, ku je wurinsa tun yana iya nuna muku da sanda. Ku tambaya, ku yi shiru, ku cusa yatsa a ƙasa. Wanda ya ga ya fi ƙarfin haka, ya tsallaka shinge ya duba garkar Hashimu. Albasa ba ta kai girman ƙwan kaza ba ta bushe. Inji yana wurin masu tsohon ƙarfe. Ƙasar ta yi fari fat da gishiri, ko akuya ba ta tsayawa, ya nemi mai saye ya rasa. Shi kuwa yana tasha, yana sauke buhunan albasar wasu daga kan mota.