Kunnen Jitar Baba Modu

Akwai wata Asabar ta watan Sha'aban da har gobe ban manta da ita ba. Tunda kun dame ni da maganar mu ma mu yi rangwamen Sallah irin na masu atamfa, to ku ja benci ku zauna, ku ji dalilin da ya sa nake murmushi duk sanda kuka ɗauko zancen.

A lokacin shekarata ta uku ke nan a shagon nan. Ban zama manaja ba, mai tsaron kanta ne kawai, Alhaji Garba mai shagon kuwa kullum da kansa yake zuwa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa da 'yar rediyonsa. Kayanmu ba su kai na yau yawa ba, sifiku ne da makirfo da kayan jita. Ga wanda bai saba da jita ba, tsirkiya shida gare ta, kowace tsirkiya kuma da kunnenta, wato ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa a can saman wuya har sauti ya daidaita. Tsirkiya takan tsinke, kunne yakan cinye ya daina riƙewa. Waɗannan biyun su ne abincinmu, don a wancan lokaci makaɗin da bai samu a wurinmu ba sai dai ya hau motar Kano.

Sana'ar nan tana da lokacinta. Bayan girbin shinkafa a yi ta biki, a Sha'aban kuma kowa na rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Da an ga watan Ramadan sai makaɗa su rataye kayansu, mu kuma mu wuni muna korar ƙuda da hamma. Azumin shekarata ta biyu zaman ya ishe ni, na ce wa Alhaji me zai hana mu karya farashi na wata guda, mu rage kashi ɗaya cikin uku. Alhaji bai so ba. Shi a wurinsa farashi ɗaya ne, na Muharram shi ne na Zulhajji, ko kai ka zo ko ɗanka ka aiko. Na yi ta zuba masa daɗin baki kwana uku, har ya gaji ya ce in gwada mu gani.

Wallahi abin ya yi kyau. Sai ga ɗalibai, ga masu kiɗan coci, ga makaɗan biki tun daga Guri, yawancinsu da azumi a baki suna zaɓen tsirkiya. Kayan da suka shekara suna kallonmu muna kallonsu duk suka fita. Alhaji ya laƙaba mini Habu Rangwame, ni kuwa kaina ya kumbura, har tafiyata ta sauya.

Da shekara ta zagayo muka shiga Sha'aban, sai na ga ai ni ne mai labari. Duk makaɗin da ya shigo in na ga mun saba, sai in sunkuyo in ce masa ya ɗan jira, rangwame na nan tafe da azumi, amma kada ya gaya wa kowa. Ni a raina alheri nake yi. Ban lura ba cewa a garin nan na saba da kowa.

A cikin waɗanda na yi wa wannan raɗa har da Baba Modu. Dattijo ne masunci daga wani ƙauye a bayan Kirikasamma, kakanninsa mutanen bakin tafkin Cadi ne, can kuma ya koyo jita da ƙuruciya lokacin da yake zuwa kamun kifi. Waƙoƙin masunta yake yi da ita, irin waɗanda tsofaffi ke ji su yi shiru. Ranar kasuwa ya zo da busasshen kifinsa, da jitar a cikin buhu. Ya nuna mini kunnen tsirkiya ta uku, ya cinye, har ya naɗe shi da zaren taru don ya riƙe. Ya ce in ba shi sababbin kunnuwa gaba ɗaya shida.

Na ce masa haba Baba, saura kwana goma sha biyu azumi, ya jira ya saya da sauƙi. Ya ce shi fa yana da bikin ɗan Bulama, wato mai garinsu, ranar Asabar, kuma ba ƙaramin biki ba ne a wurinsa. Samarin ƙauyen sun nace sai an kawo musu mai kiɗan sifika, irin wanda ba ya kaɗa komai sai danne-danne, Bulama ya ce muddin Modu na iya riƙe jita ba wanda zai yi kiɗa a ƙofar gidansa sai shi. In ya ji kunya ranar, shi ke nan, samari sun samu hujja, ba mai sake kiransa biki a yankin.

Na karɓi jitar na juya ta, na murɗa kunnen, na ji shi sakwa-sakwa. Idona ya gaya mini gaskiya, amma bakina ya ce zai kai. Baba Modu ya yarda da ni, don me zai sa mai kaya ya hana ka sayen kayansa in ba don yana ƙaunarka ba? Ya mayar da jitarsa buhu, ya sa mini albarka, ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi muna zaune, shago wayam. Alhaji yana ta mamaki, wai shi tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa ganin Sha'aban mai sanyi irin wannan ba, ga bukukuwa ko'ina amma ba mai sayen ko tsirkiya ɗaya. Ni dai na duƙufa ina goge kantar da ba ta da datti. Sai wayata ta yi ƙara.

“Habu, kunnen nan ya tafi,” in ji Baba Modu. Ba faɗa, ba ɗaga murya, shi ya fi ma tayar mini da hankali. Ya ce yana ɗaure tsirkiya ne ƙarfen ya ɓalle a hannunsa. Labari ya riga ya kai kunnen samari, har sun aika Kirikasamma a ɗauko mai sifika. Bulama kuwa ya ba Baba Modu wa'adi zuwa la'asar.

Alhaji ya ji komai, don wayar tawa ba ta iya sirri ba. Ya kashe rediyo, ya tambaye ni me ya hana mutumin nan saye ranar kasuwa, tunda ya gan shi ya shigo. Na yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe na faɗi gaskiya.

“Mutum nawa ka ce wa su jira?”

“Ba su da yawa, Alhaji.”

“Habu.”

“Duk wanda ya shigo, Alhaji.”

Na zaci ranar zan koma gida da jakata. Alhaji ya dube ni, ya dubi shagon da ba kowa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce ashe ɓarawon cinikin nasa a cikin kanta yake zaune. Sannan ya daina dariyar, ya miƙo mini makullin babur ɗinsa, ya ce in ɗauki kunnuwa shida da tsirkiya da sukudireba in kama hanya, maganata da shi sai na dawo. Ya ce in la'asar ta riga ni, kada in dawo masa da bayani.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Na bar kwalta na shiga hanyar gonaki, alkama kore shar dama da hagu, injinan ban ruwa na ta ƙugi, ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar Baba Modu. A bakin wani rafi hanya ta ƙare, na bar babur wurin wani mai tattasai, na shiga kwalekwale. Ciyawar kachala ta cinye mashigar, sai a hankali ake kutsawa da gora. Mai fiton ya kalli ƙullin da ke hannuna, ya tambaye ni ko ni ne mai rangwamen da ya ce wa Modu ya jira. Ashe sunana ya riga ni ƙetarewa. Na ce ni ne. Ya ce to in riƙe da kyau, ya ƙara wa gorar ƙarfi, yana tuƙi yana yi mini tsiya har muka kai gaci.

Na isa an idar da azahar. A gindin wata tsamiya ga sifiku an jibge, samari na ta ja da janareto suna washe baki. Baba Modu yana zaure, jitar a cinyarsa kamar mai jinyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ya ce in bar wannan tukuna, in yi abin da ya kawo ni.

Nan ma sai da na yi gumi. Jitar tsohuwa ce, ramukan kusoshinta ba su dace da na sababbin kunnuwa ba. Sai da aka aro mana basilla wurin wani mai ɗinkin buhu, na huda sababbin ramuka a hankali, don in katakon ya tsage an gama. Na so in sa masa tsirkiya sababbi duka, ya hana ni. Ya ce sabuwar tsirkiya sai ta kwana take zama, in aka sa ta yanzu za ta yi ta saki a tsakiyar waƙa. Muka mayar da tsofaffin, ta ukun kaɗai muka sauya don ta tsinke sanda kunnen ya ɓalle, ya yi ta jan ta da yatsa yana murɗawa. Ni mai sayar da kayan jita, ranar na koyi wannan. Ladan na kiran la'asar, Baba Modu ya kaɗa duka shidan, ya saurara, ya gyaɗa kai.

Bayan an yi salla ya zauna a tabarma a ƙofar gidan Bulama ya fara. Ni ba gwanin bayanin kiɗa ba ne, amma na ga tsofaffin masunta sun matso, na ji guɗa daga cikin gida, na ga Bulama yana kallon samari ɗaya bayan ɗaya yana shafa gemu. Abin da ya fi ba ni dariya, shi kansa mai sifikar, da ya ji waƙa ta biyu, sai ya jawo makirfonsa ya kafa a gaban jitar, wai don na nesa su ji. Samarin da suka ɗauko shi su suka fara shiga fili. Daɗin da na ji ranar, na rantse ko ranar aurena sai dai su yi kunnen doki.

Kafin magariba na yi haramar tafiya. Baba Modu ya kira ni gefe ya tambayi kuɗin kaya, yana murmushi, wai na yau zan gaya masa ko na azumi. Na ce ya bar shi kawai, laifina ne. Ya ƙi. Ya biya farashin ranar cif, ya haɗa ni da ƙullin kifi in kai wa Alhaji, sannan ya riƙe hannuna.

“Ɗana, na san alheri ka nufa. Amma ni da na zo wurinka, kunne na zo nema, ba sauƙi ba. Abin da za ka rage mini ko kifi biyu bai kai ba, sunana kuwa shekara arba'in nake tara shi.”

Washegari Alhaji ya yanke hukunci. Ya ce azumin bana za mu yi rangwamen, tunda na riga na yi wa rabin gari alkawari da sunan shagonsa, shi kuma ba ya saɓa magana ko da ba shi ya yi ta ba. Daga Sallah kuwa farashi ɗaya. Ya ɗan sassauta farashin kaɗan na duk shekara, ya sa na rubuta a allon nan da kuke gani, don kowa ya san abin da zai tarar kafin ya hau kwalekwale. Rangwame bai mutu gaba ɗaya ba, mukan yi shi ga kayan da suka daɗe, kamar tsirkiyar da ta sha damina a kanta, mu kuma gaya wa mai saye dalili.

Abin da na fahimta ke nan game da sana'armu. Mai sayen atamfa yana iya jira, tsohuwar rigarsa ba za ta yage a gaban jama'a don ya ƙara sati biyu ba. Namu mutanen da kayan nan suke cin abinci, kuma ba sa zuwa sai abu ya kusa lalacewa. Duk ranar da ka koya musu jiran wata, ka koya musu hawa fili da kayan da ba su yarda da shi ba. Don haka in kuna son rangwamen Sallah, ku fara gaya mini wa za ku ce wa ya jira.

Baba Modu yana nan da ransa, kun ma san shi, shi ne mai zuwa da jita a buhu ranar kasuwa. Duk sanda ya ajiye ta a kanta sai ya kalle ni ya ce, “Habu Rangwame, in saya ne ko in jira?” Ni kuwa kafin ya rufe baki na riga na ƙulle masa kayansa.